Binnen Dogo

Maƙeri na cikin kwashe rairayin da ya toshe ƙofar ɗakin Dogo sai ya ji muryarsa daga ciki.

"Bar shi, gobe ma zai dawo. Shigo mu yi magana."

Ya jingine shebur ya shiga. Dogo na kwance, ƙafafun nan da suka ja masa suna sun zarce tabarma, duk sun tsotse. A layin nan kaf su biyu suka rage. Tun da rairayi ya fara cinye gonaki, gida-gida aka yi ta kullewa ana bin mota. Maƙera ma ta mutu, don wanda ba shi da gona ba ya sayen fartanya.

"Bana kai za ka yi binne," in ji Dogo.

"Kai dai bakinka bai iya alheri ba! Wa ya ce maka mutuwa za ka yi?"

Dogo ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Gero nake nufi, sarkin tsoro."

Ya nuna gorar da ke rataye a bango, mai irin geron da ya gada wurin mahaifinsa. Duk shekara tare suke yin binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa, a bar iri ya jira ruwan farko. Dogo a gaba yana sara da sungumi, Maƙeri a baya yana jefa iri yana rufewa da diddige, suna tafe suna tsokanar juna.

"A wace gonar? Rabinta na ƙarƙashin rairayi. Bari in daka maka geron, ko ka samu ƙarfin tashi."

"Taɓa shi ka gani." Dogo ya numfasa. "Na san ɗanka ya aiko a ɗauke ka ranar kasuwa. Ban hana ka ba. Amma irin nan in ya tsallake damina a gora, shi ke nan ya mutu."

Maƙeri ya kau da kai. Kunya ce ta kama shi, don ya zaci ya iya ɓoye zancen.

Washegari da hantsi ya kawo ruwa, ya yi sallama, shiru. Ya sake yi da ƙarfi, har da tsiya, shiru. Ya daɗe zaune a gefen tabarmar, babu ko wanda zai gaya wa. Sai da ya taka zuwa wani ƙauye kafin ya samo masu ɗaukar gawa.

Da aka mayar da ƙasa, ɗaya daga cikinsu ya dafa shi. "Sai haƙuri, Baba. An gama binnewa, mu za mu koma."

"Saura ɗaya," in ji Maƙeri. Suka dubi juna, suka ɗauka ruɗewa ce irin ta tsufa.

Ranar kasuwa mota ta tsaya a bakin layi, direba ya leƙo.

"Baba, ina kayan?"

"Ka ce wa yaron nan sai wani makon."

Ya saɓi sungumin Dogo, ya rataya gora, ya nufi abin da ya rage na gonar. Ya sare layi guda har ƙarshe, yana haki. Ko da ya dawo farko don ya jefa iri, iska ta riga ta cike ramukan kaf, kamar ba a taɓa wurin ba.

"To ka gani ko? Ai na gaya maka..."

Maƙeri ya katse maganarsa, ya waiwaya. Babu kowa sai sawunsa, shi ma ya fara shafewa.

Ya goge ido da hannun riga. Daga nan ya sari rami guda, ya ajiye sungumi, ya jefa iri, ya rufe da diddige. Ya sunkuya ya ɗauki sungumin, ya matsa gaba taku ɗaya.