Jan Kamfan da Mama Ta Ƙi Sawa

Kwana shida da rasuwar Papa, Mama ba ta sa jan kamfai ba, kuma duk garinmu Lacovia an sani, don igiyar shanyarmu a bakin hanya take. Macen da mijinta ya mutu ja take sawa, in ba haka ba fatalwarsa ta riƙa zuwar mata shimfiɗa har ta tafi da ita. Ban ce na yarda ɗari bisa ɗari ba. Amma Mama ta daina cin abinci, wuyanta ya zama kamar na kaza, ni kuwa tsoro ya kama ni.

Na hau mota har Santa Cruz na sayo jan kamfai guda uku a leda. Da hantsi na dire mata su a baranda, inda take ɓarar wake. Ƙanenta Kawu Linval, tsohon malamin makaranta, yana gefe da kofin shayi.

"Mama, ga duros ɗin. Don Allah ki sa."

"Merline, kin san abin da ya sa ake ce masa duros?" in ji Kawu.

"Kawu, ba yanzu ba."

"Daga kalmar Turawa ta jawowa aka samo shi. Zura ƙafafu ake yi, a jawo sama, a ɗaure. Tun zamanin..."

"To gaya wa yayarka ta zura ta jawo mana. Shekara talatin kana koyarwa, ɗaliba ɗaya ta gagare ka?"

"Ni asalin kalma na sani, 'yata. Uwarki Icilda ko mahaifinmu bai iya da ita ba."

Takaici ya ishe ni. Na yi magiya, na yi faɗa, na tuna mata da Mis Pearline da mijinta ya mutu ta ƙi sawa aka binne ta kafin shekara. Kamar da dutse nake magana, wake kawai ke faɗawa cikin kwano.

"Mama, so kike ki bi shi? Ni ki bar ni da wa?"

Sai a nan ta ɗago kai. Ta tura mini ledar da bayan hannu.

"Shekara ashirin da shida babanki yana zuwa Florida saran rake. Wata shida can, wata shida nan. Duk ranar da ya dawo, a buɗe yake samun ƙofata. Yanzu ne zan kore shi da jan ƙyalle?"

Kawu ya ajiye kofinsa.

"Ba rashin kamfai ya ramar da ni ba, Merline," in ji Mama. "Kwana shida ke nan ina jiransa. Ko sau ɗaya bai zo ba."