Wayoyin da Kene Ya Bari

"Hajiya, ki bar kujerun nan haka," in ji Monica. "Wa zai zo?"

Hajiya Bintu, maƙwabciyarta, ta ci gaba da jera su a tsakar gidan hayarsu na Sabon Gari. Amma ita ma abin da take tsoro ke nan. Ciwon ƙoda ya ɗauke Kenechukwu, ɗan Monica ɗaya tilo, gobe za a tafi da gawarsa garinsu. In yau kujerun nan suka wuni wayam, wannan takaicin sai ya fi mutuwar cin ran uwar.

To, Kene ai ba shi da jama'a. Tun yana goye Bintu ta san shi, bai taɓa kallon ƙwayar idonta ba. Ka gaishe shi, ya ce maka batirin wayarka ya kumbura. Likita ya ce otizim ne, halittarsa ce haka. Unguwa ta ce girman kai ne. Shi dai daga teburin gyaran waya sai zauren masu gyara na intanet.

Bayan azahar aka yi sallama. Wani dogo ya shigo rataye da jaka, bayansa maza da mata har bakin titi.

"Mama, sunana Kyari, daga Maiduguri. Wannan Nneka ce, daga Jos. 'Yan zauren su Kene ne."

Ƙasa yake kallo. Bintu ta dubi sauran. Ikon Allah! Rabinsu ƙasa suke kallo. Ba wanda ya iya ko "ya haƙuri". Kamar ta tashi ta koya musu.

Nneka ce ta yi ƙarfin hali. "Mama, bai taɓa gaishe mu ba. Har korarsa aka taɓa yi daga zauren, don ya ce wa wani babba aikinsa shirme ne. Amma in waya ta gagare ka, ko yana gadon asibiti zai rubuto, 'Buɗe ta, nuna min.' Shi ya koya min sana'a. Ina teburinsa?"

Monica ta nuna ɗakin. Wayoyin mutane ne jibge, waɗanda ciwo ya hana shi ƙarasawa. Aka fito da teburin, kowa ya zaro sukudireba daga jaka.

"A gidan makoki?" in ji Bintu.

"Bar su, Hajiya." Monica na kuka tana dariya. "Shi ma haka yake gaisuwa."

Daɗi ya kashe Bintu. Ko mayafi ba ta gyara ba ta bi gida gida. "Ku ara mana kujeru, namu sun kasa! Ku zo ku ga jama'ar mai girman kan naku!"

Da ta dawo, Monica na zaune a kujerar ɗanta, hannunta a kan teburin, wayoyin suna kawo haske ɗaya bayan ɗaya.