Makullin Gidan Nejdet

A ƙauyenmu, can kan tudun da ke kallon Baƙin Teku, babu wanda ya kai Rasim iya zagin gonar wani. Da safe zai zauna a gidan shayi ya fara rabon laifi: wane bai yi feshi ba, wance ta bar ciyawa ta kai ƙugu. Tasa gonar findik kuwa, itacen nan mai 'ya'ya masu ɓawo da ƙwaya kamar gyaɗa, gonar da da ita kaɗai yake ciyar da iyalinsa, ko ganye ne ya faɗi sai ya bi ba'asi.

Bara kokarja ta gama da mu. Ƙwaro ne ruwan ƙasa, faɗinsa kamar farcen babban yatsa, in ka taɓa shi ya bar maka warin da sabulu ba ya fitarwa. Yana soka baki cikin ɗanyen findik ya tsotse, in an fasa a tarar ƙwayar ta yi baƙi, ga ɗaci. Da sanyi ya shigo sai ya bar gona ya tare a gidajen mutane, bayan labule da cikin rufi, ya yi ta barci har ɗumi ya dawo.

Shi ya sa mai gari Hikmet ya ce a feshe kowane gida da rumbu da garke kafin ƙwarin su farka. Kowa ya buɗe. Har tsohuwa Nazmiye, da ko likita ba ta bari ya leƙa ɗakinta, ta buɗe. Saura gida ɗaya, na Nejdet, yayan Rasim, wanda ke Jamus tun muna yara. Bene ne hawa huɗu, fari fat, irin wanda mutanenmu na waje ke ginawa don a hango daga titi, ba mai kwana ciki sai lokacin girbi. Makullin yana rataye a wuyan Rasim kamar laya.

"Rasim, kawo makulli," in ji mai gari.

"Amana ce, ranka ya daɗe. Yaya ya ce ko ƙuda kada ya shiga."

"Ai ƙudan muka zo nema."

"Tagogin Jamus ne fa a gidan nan. Iska ma sai ta yi sallama."

"To bututun hayaƙin fa?" in ji Nazmiye. "Shi ma Bajamushe ne?"

"Inna, je ki nome gonarki tukuna. Daga wajenki suke yi mana hijira."

Aka ce ya buga wa yayan nasa waya, ya ce shi ba zai ta da hankalin babban mutum saboda ƙwaro ba. Gaskiyar magana tsoronsa yake ji, gemu fari amma in Nejdet ya yi tari a waya sai ya miƙe tsaye. Abin ya ba ni haushi ƙwarai, don gonata ma ba nisa.

Ranar da rana ta fara zafi sosai, findik ya soma ɗaura 'ya'ya, muka wayi gari farin bangon nan ya koma ruwan ƙasa. Ƙwarin suna ta bulbulowa daga bututun da ƙarƙashin rufi, suna shan hantsi, suna tashi. Gonar farko da ke gindin benen kuwa ta Rasim ce. Gari ya taru, wasu da kofin shayi a hannu.

"Daga gonar Inna suka hau," in ji Rasim, amma muryar ba ƙarfi.

"Suka hau hawa huɗu don su sauko?" in ji Nazmiye. "Kai, buɗe mana, ɗan nan!"

Ya ciro makullin daga wuya ya buɗe. Warin da ya tarbe mu sai da mai gari ya ja da baya yana salati. Labulaye na motsi da kansu, kujerun da aka lulluɓe da farin zane sun yi baƙi ƙirin. Maza suka afka ciki da famfunan feshi, amma kowa ya san an makara, rabinsu sun riga sun fita kiwo. Rasim ya tsaya a falo yana kallon gonarsa ta tagar Jamus. A nan kam ya ba ni tausayi.

Sai a lokacin ya ciro waya ya kira, irin kiran da ake ganin juna.

"Yaya, ka gafarce ni, dole ta sa muka buɗe. Dubi abin da ke ciki. Gonata ta bana kam ta tafi, Yaya, ban san me yara za su ci ba."

Ya zagaya da wayar don ya nuna masa. Nejdet ya ƙura ido yana kallo. Muka tsaya da feshi muna jira mu ji.

"Rasim, mayar da wayar ƙasa. Ƙasa na ce!" in ji Nejdet. "Wai da takalma ka bari suka hau mini darduma?"

Rasim ya dubi ƙafafunmu, sannan ya dubi nasa. Shi kaɗai ne ya cire takalmi a bakin ƙofa, yana tsaye da safa a kan ƙwari.