Hoton Idrisa na Matameye

Sha'ibu mai hoto bai taɓa yarda cewa kwamfutarsa ta tsufa ba. Tana nan kan tebur a shagonsa da ke Gataa El Oued, unguwar baƙi ta Tamanrasset, lulluɓe da farin mayafi. Kullum da safe zai yaye ta, ya goge ta da tsumma, ya yi bisimilla, sannan ya danna. Ita kuwa sai ta yi gurnani, ta yi tari, ta ɗauki lokacin da mutum zai dafa shayi har ya sha kofin farko, kafin ta ga damar buɗe ido. Sha'ibu bai ɗauki wannan a matsayin aibi ba. Cewa yake yi natsuwa ce.

Mutumin Maraɗi ne. Ya zo garin yana saurayi da niyyar wucewa arewa, sai bai wuce ba, ya koyi ɗaukar hoto, ya yi aure, ya zauna. Hoton biki yana yi, na takardu yana yi, amma abin da ya sa aka san shagonsa tun daga Agadas shi ne hoton amana. Matafiyi in ya samu motar da za ta kai shi In Salah ko Gardaya, sai ya biyo ta shagon ya ce a ɗauke shi. Ba a wanke masa hoton, don ba mai son jandarma su same shi da takardar da ta faɗi garinsu. Sha'ibu zai zuba hoton a kwamfuta, ya rubuta sunan mutum da na mahaifi ko mahaifiya, da garinsu, da ranar. In Allah ya sa ya dawo, ya karɓi abinsa. In kuma an ji shiru, danginsa su zo su ga fuskarsa ta ƙarshe. Dokar Sha'ibu ɗaya ce, kuma ba ya sassauta ta: ba a buɗe hoton amana sai a gaban mai shi ko wanda suka haɗa jini. Shi kansa ba ya leƙawa. Cikin shekara biyar fuskoki sun kusa dubu huɗu.

A watan Yuli na 2006 Dogara ya zo shan shayi da wani labari. Dogara Bazazzagi ne, shi ma wucewa ya zo yi garin ya riƙe shi, yanzu yana gyaran kwamfuta a wani shagon intanet a unguwar Tahaggart.

"Maigida Sha'ibu, masu wannan Windows 98 ɗin da ke juya kwamfutarka fa sun sanar sun cire hannu. Daga wannan watan ba ruwansu da ita."

"Su cire mana," in ji Sha'ibu. "Ni yaushe na taɓa ganin hannun nasu? Shekara nawa muna tare da ita, ko gaisuwa ba su aiko min ba."

"Ba haka zancen yake ba. Da, in mugaye suka gano wata kafa a jikinta, kamfanin ke toshewa. Yanzu ba mai toshewa. Masu maganin bairos, ƙwayar cutar kwamfuta, su ma kaɗan-kaɗan za su bi sahu su daina yi mata. Ka ba ni yamma guda kawai, in kwashe komai in zuba maka a sabuwa, in kuma sa maka a faifai ka ajiye."

Sha'ibu ya dire kofin shayi.

"Ka kwashe mi? Fuskokin mutane, har da matan aure, su bi ta hannunka? Nan sunka aje, nan za su iske abinsu. Ba ni da izinin kai su wani wuri."

"Ba sai na buɗe ba ai."

"Dogara, sha shayinka."

Kada a ce Sha'ibu bai ji gargaɗin ba. Ya ji, sai dai ya ji shi da kunnen ɗan kasuwar da ya girma cikin direbobi. A saninsa, in kamfani ya daina ƙera wata mota, mai hankali sai ya tara kayan gyaranta, ya ci gaba da tuƙa abarsa har jikoki. Don haka da ya ji wani buro, wato ofis, na zubar da tsofaffin kwamfutoci, ya je ya kwaso guda uku irin tasa sak, ya jera su ƙarƙashin tebur. Ranar har tafiyarsa ta canza. Ya aika wa Dogara cewa kamfani ya cire hannu, ya cire ƙafa ma in yana so.

Wahalar ba rana ɗaya ta zo ba. Injin wanke hoto ya mutu, ya sayo sabo, kwamfutar ta ƙi saninsa. Sai da ya jira mako shida wani direba ya samo masa tsoho a Gardaya, kuma cikin makonnin nan masu biki suka koyi hanyar wani shagon. Maganin ƙwayar cutar da Dogara ya sa masa tun da daɗewa ya fara nuna jan rubutu kowace safiya, yana cewa ya daina samun sabon bayani. Sha'ibu yakan rufe rubutun kamar mai korar ƙuda. Duk wannan yana gani, yana kuma jin zafinsa, amma in ya dubi mayafin nan sai ya ji hankalinsa ya kwanta: amanar mutane tana inda suka bar ta.

Farkon shekarar da ta biyo, wani direban hanyar Agadas ya kawo saƙo. Wata tsohuwa ce a Matameye, sunanta Rakiyatu, take tambaya ko ɗanta Idrisa ya bar hoto. Shekara uku ke nan da fitarsa. Wayarsa ta ƙarshe daga Tamanrasset ya yi ta, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. A gida ba su da hotonsa ko ɗaya. Ya bar matarsa da ciki, ta haifi mace, Raliya, ga shi yarinyar ta fara magana, ta fara tambayar wane ne babanta.

Sha'ibu ya duba jerin sunaye. Ga shi nan: Idrisa ɗan Rakiyatu, Matameye, tara ga Maris 2004. Bai buɗe ba.

"Akwai," ya ce wa direban.

"To alhamdu lillahi. Wanke min shi in tahi mata da shi, jibi zan juya."

"Kai ɗan'uwansa ne?"

"Haba Sha'ibu! Tsohuwa ce hwa. Ka san hanyar nan."

"Na san ta. Su turo wanda sunka haɗa jini, in buɗe a gabanshi."

Direban ya fita yana girgiza kai. Bayan wata ɗaya ya sake biyowa ya ce ba su da namijin da za su turo, tsohuwar da kanta za ta zo, ta bi ayarin wasu mata 'yan kasuwa. Abin ya ɗan sosa wa Sha'ibu rai, amma ya ce a zuciyarsa gara ta wahala ta samu abinta daidai yadda ɗanta ya bari.

Tana kan hanya wani attajiri ya kawo hotunan sunan ɗansa a cikin ɗan kile, abin nan mai kamar yatsa da ake sokawa a jikin kwamfuta. Daga shagon intanet ya ɗauko su. Sha'ibu ya soka, ya wanke masa hotuna, suka rabu lafiya. Ba ƙara, ba hayaƙi, ba abin da ya nuna an shigo da wani abu. Sai bayan kwana biyu, da ya je buɗe hotunan wani biki, ya ga sun ƙi buɗuwa. Ya gwada na wani bikin, haka. Ya kashe ya kunna, ya yi bisimilla sau uku, haka dai. Nan ya aika a kira Dogara.

Tun hantsi Dogara yake zaune gaban kwamfutar har aka kira la'asar. Sha'ibu ya kasa zama. Can ya durƙusa ya jawo kwamfutocin nan uku daga ƙarƙashin tebur, ya tura su gaban Dogara.

"Ga kayan gyara nan. Cire duk abin da kake so."

Dogara ya dube su, ya dubi Sha'ibu, ya yi magana a hankali.

"Maigida, ba ƙarfen ne ya lalace ba. Ƙarfenka lafiya lau yake. Bairos ne ya shigo ta kilen nan, maganin da ke ciki bai san shi ba, don ya yi watanni rabonsa da sabon bayani. Ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya ya rubuta shirme a kansu. Sunayen suna nan. Fuskokin ne babu."

"Duka?"

"Na tsamo kamar ɗari biyu da bai kai gare su ba."

Dogara bai ce ai na faɗa maka ba, kuma rashin faɗin ya fi yi wa Sha'ibu ciwo. Sannan Sha'ibu ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da ya fara wannan aiki.

"Nemo Idrisa ɗan Rakiyatu. Buɗe shi."

Dogara ya danna. Farin fili ya fito, da ɗan jan alama a kusurwa.

Ba yadda za a yi a tsayar da Rakiyatu, don ba wanda ya san ko tana Arlit ko ta wuce Assamaka. Kwana huɗu Sha'ibu yana buɗe shago yana zama yana kallon ƙofa. A na biyar, da safe, wata 'yar kasuwa ta rako ta har bakin shagon ta juya. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ƙafafunta sun kumbura saboda zaman mota, tana riƙe da ƙullin kaya a hammata. Ta yi sallama, suka gaisa, ya ba ta kujera, ya tambayi hanya da mutanen gida. Ya miƙa mata ruwa ta karɓa ta riƙe, ba ta sha ba.

"Malam, kai ne mai hoton? An ce yarona yana wurinka."

Ya durƙusa a gabanta, don bai ga yadda zai faɗi wannan magana a tsaye ba. Ya faɗa mata komai, bai rage ba: gargaɗin da aka yi masa, da ƙin da ya yi, da kilen, da abin da ya rage. Ba ta gane bairos ba, ba ta kuma nemi a fahimtar da ita ba. Ta gane dai babu.

"Sunan nashi yana nan, ka ce?"

"Yana nan, Inna."

"Nuna min."

Ya yaye mayafin ya kunna. Suka zauna su biyu suna jiran kwamfutar ta gama gurnaninta, jiran da bai taɓa yi masa tsawo irin na ranar ba. Ya nuna mata layin da yatsa. Ba ta iya karatun boko ba, sai ya karanta mata: Idrisa ɗan Rakiyatu, Matameye, tara ga Maris. Ta matso da fuskarta kusa da gilashin ta daɗe tana kallo.

"Shi ya ce maka ɗan Rakiyatu?"

"Shi ya faɗa. Abin da mutum ya faɗa nake rubutawa."

Ta gyaɗa kai. "To kai da ka gan shi, wace riga ya sa ran nan? Ya rame?"

Ƙarya a nan ba ta da wuya. Da ya ce shuɗiyar riga ce, yana cikin ƙoshin lafiya, yana ta dariya, da ta ɗauki wannan ta kai Matameye ta riƙe shi har ƙarshen ranta. Sha'ibu ya lalubi ƙwaƙwalwarsa da gaske, ya ga samari dubu tsaye gaban labulen ɗaukar hoto, kowa ya ƙame yana ƙoƙarin kada tsoro ya fito a fuskarsa. Bai iya ware ko ɗaya ba.

"Inna, ban tuna ba. Wallahi ban tuna ba."

Sai a lokacin ta kurɓi ruwan.

"Na ce wa yarinyar zan kawo mata babanta a takarda," ta ce. Ba kuka take yi ba, faɗa kawai take yi. "Da ka ba direban nan."

"Da na ba shi," in ji Sha'ibu.

Ta ajiye kofin, ta gyara lulluɓinta, ta miƙe da ƙyar ta nufi labulen da ake tsayawa.

"To ɗauke ni. In Allah ya sa ya biyo ta nan, ya san na zo nemanshi."

Ya ɗauka, sai da ya sake sau biyu. Ya juya wajen tebur bisa sabo, ta ɗaga hannu ta tsayar da shi.

"A'a. Kar ka sa ni cikin akwatin nan. A takarda nake so. Kuma kar ka ɓoye ni. Ka kafa inda kowa zai gani, ko wani ya san shi."

Ya bar ta a shagon, ya taka da ƙafa har Tahaggart da kyamarar a hannu. Dogara bai tambaye shi komai ba, ya wanke masa hoton a sabuwar kwamfutar shagonsu. Da Sha'ibu ya dawo, ya sami ƙusa ya kafa shi a bangon da ke kallon ƙofa, ya ɗauki biro ya rubuta a ƙasa: Rakiyatu, uwar Idrisa na Matameye, ta zo.

Ta sa ya karanta mata. Ya karanta.

"Ƙara da cewa an samu mace," ta ce. "Sunanta Raliya. Bai sani ba."