Amshi Daga Bakin Taga

Rose ba ta yarda da abin da ba ta ɗanɗana ba, miya ce ko wasan talabijin. Shi ya sa da 'ya'yanta, Charity da Purity, suka dame ta da zancen wani wasan kwaikwayo na wa da ƙane mawaƙa masu gaba da juna, ta ce babu mai kallo sai ta gani tukuna. Ɗaya shekararta sha shida, ɗaya sha huɗu, kuma duk biyun suna waƙa a cocinsu na unguwar Fadikpe. Haka kawai a kawo musu darasin kishi har cikin falo?

A wayarta ta kalla, a rumfarta ta Kasuwar Kure, tsakanin buhunan wake. Kashi ɗaya ta yi niyya. Kafin Laraba ta cinye duka kashi sha biyu na wasan, har akuya ta sa baki a tiren gyaɗarta ba ta lura ba.

Wasan kuwa haushi ya ba ta. Wan ya fasa jitar ƙanen, ƙanen ya zage shi a bainar jama'a, aka yi ihu, aka yi kuka, a ƙarshe suka rungume juna a kan dandali. Rose ta ja tsaki. Ita ta san ba haka 'yan uwa suke rabuwa ba.

Da can ita da yayarta Liyatu ne taurarin mawaƙan Zumuntar Mata ta cocinsu. Liyatu ke bayar da waƙa, Rose ke jan amshi, har sun tsara wata tasu ta kansu a tsakar gidan mahaifiyarsu. Ranar wani babban taro Liyatu ta makara, aka miƙa wa Rose makirfo, ita kuma ta karɓa. Aka tafa mata har da guɗa, wata uwa mai dogon baki ta ce ashe ƙaramar ce mai muryar. Liyatu na tsaye a bakin ƙofa, ta ji komai. Murmushi ta yi, ta ce, "Kin yi ƙoƙari." Bayan wata biyu ta koma wani coci a unguwar Chanchaga. Shekara sha ɗaya ke nan, sai gaisuwar Kirsimeti da ta wurin makoki. Rose ba ta sake rera waƙar tasu ta tsakar gida ba, amma kewar yayarta ba ta bar ta ko yini guda ba.

Da ta dawo gida Purity ta tare ta. "Momi, ya dace ko bai dace ba?"

"Ku kalla," in ji Rose, tana kwance ɗankwali. "Amma ku sani ƙarya suke yi. Da ihu ake yi, ai da sauƙi. Wanda ya zage ka har yanzu yana magana da kai."

Charity ta dube ta. "Anti Liyatu kike nufi?"

"Je ki duba tuwo kar ya ƙone."

Ranar Alhamis da la'asar ta rufe rumfa da wuri, ta tari keke zuwa Chanchaga, don ta san ranar ce matan cocin Liyatu ke koyon waƙa. Ba ta shiga ba. Ta raɓe a bakin taga, tana jin dukan tulun da matan ke kiɗa da shi. Can sai ga muryar Liyatu, ta ɗan dushe da shekaru, kuma waƙarsu ce take bayarwa, ta tsakar gida. Matan suka amsa, amma da gudu, ba su tsaya inda ya kamata a ja numfashi ba.

Da baitin ya sake zagayowa, bakin Rose ya riga ta. Ta amsa daga waje, a hankali, da jan da su biyu kaɗai suka sani.

Tulun ya yi shiru. Mata suka juyo, ban da Liyatu, wadda ta tsaya ƙyam da bayanta ga taga. Rose ta kama jakarta za ta gudu.

Sai Liyatu ta ɗaga hannu ta hana matan amsawa. Ta sake bayar da baitin, ta tsaya tana jira.