Hannun Farfesa

Dakta tana cikin goge 'yar kwalbar gwaji Farfesa ya turo ƙofa, baƙin kamfanin magani na biye da shi. Ta ajiye kwalbar da sauri. Ai sai gobe aka ce za su zo!

Aikinta haɗa ƙwayoyin da ke kai magani cikin jini, waɗanda ko silin gashi ya fi su kauri sau dubu. Na'ura ce ke haska su ta faɗi girmansu. Kamfani ya ce in ba su yi ƙasa da nanomita ɗari ba, ya janye hannu, ita kuma aikinta ya ƙare. Shekara guda ke nan ƙwayoyin nata suna curewa kamar koko. Sai yau ne haɗin ya fito garau, ga shi ba ta kai ga aunawa ba.

"Matsa, 'yata," in ji Farfesa, yana naɗe hannun riga. "Yau da kaina zan auna."

Rabon bawan Allah da ya taɓa na'urar nan tun ranar da aka ɗauke shi hoto a gefenta. Kwalabe biyu ne a kan tebur. Ɗaya haɗinta ne, ɗayar kuwa ƙwayoyin kanti ne da aka riga aka san girmansu, da su ake gwada lafiyar na'ura kowace safiya. Ya ɗaga su sama, ya zaɓi wadda ta fi kyaun murfi.

"Ranka ya daɗe, wannan ai..."

"Dakta, a bar manya su yi aiki."

Na'ura ta yi ɗan gurnani, allo ya nuna sittin cif, layi ɗaya siriri kamar an ja da rula. Manajan kamfani ya tafa.

"Kai! Duk ɗakunan gwajin da muka zagaya ba mu ga mai kyaun wannan ba."

"Gwanintar hannu ce," in ji Farfesa. "Yaran yanzu ba su da haƙuri."

Dakta ta san ƙwayoyin kanti ya auna. In ta yi magana ta tsinka shi a gaban baƙi, in ta yi shiru ta ci amanar aikinta. Ta yanke shawarar ta bari su fita, ta auna nata, in ya yi kyau sai ta same shi a ofis ta faɗa masa a hankali.

Farfesa ya dubi teburin ya yamutsa fuska. "Ke ma dai, ki riƙa kimtsa wuri. Ruwan ɗauraya har gaban baƙi?"

Ya ɗauki ɗaya kwalbar, mai haɗinta, ya juye a wurin wanke hannu, ya sakar mata famfo.

A bakin ƙofa ya juyo, fuskarsa cike da fara'a.

"An sabunta miki aiki, 'yata. Irin wannan ɗin dai suke so, lita guda, kafin Litinin."