Takardun Shanun Alhaji Sha'aban

Sha biyu da rabi na rana firintar ofishin Daura ta yi wata irin ƙara, ta haɗiye takarda, ta tsaya cak. Rabi, mai kula da kwamfutocin kamfanin allurar dabbobi, ta buɗe murfin, ƙauri ya daki hancinta. Ta ƙone.

Wayarta ta ɗau ruri. Zakiyyu ne, akawun reshensu na garin Babban Mutum.

"Anti Rabi, ina takardun nan? Alhaji Sha'aban ya tsaya mini a ka. Shanunsa sittin suna kan tirela tun hantsi, ba a bari su wuce sai da shaidar rigakafi. Saniya ɗaya har ta durƙusa."

Rabi ta duba allonta. Takardun suna nan cikin babbar kwamfutar Daura, jere a layin jiran bugu. Da can a nan ake bugawa, ɗan acaɓa ya kai. Yau babu abin bugawa.

"Kunna firintarku," ta ce. "Zan turo fayilolin zuwa kwamfutarku ta netwok, ku buga a can."

Ta ja kujera, ta rubuta umarnin, ta zaɓi adireshin reshen, ta danna. Koren rubutu ya bayyana a baƙin allo: an aika. Fayiloli ukun suka ɓace daga layin Daura.

"Sun iso?"

"Babu komai."

"Sake dubawa, Zakiyyu."

"Wallahi layina fayau yake kamar an share."

Sai a lokacin ta tuna ba ta ce wa na'urar ta ajiye kwafi ba. Ba su nan, ba su can. Kafin likitan dabbobinsu ya dawo daga ruga ya sake shigar da bayanan, sai gobe. Ta buɗe jerin adireshi, ta bi da yatsa. Adireshin Babban Mutum har yanzu da sunan Murjanatu yake, wadda Zakiyyu ke riƙe wa kujera. Kwana goma sha tara ke nan da ta haihu, tana gidansu a Mashi tana wankan jego.

"Sun shiga layin Murjanatu," Rabi ta ce. "Sai da kalmar sirrinta za su buɗu. Kada ka taɓa."

Zakiyyu ya ce, "Anti... na gwada sau biyu jiya, ina neman wata takarda."

"Innalillahi! In aka yi kuskure na uku za ta kulle, kuma mai buɗewa yana Kano."

Ta ɗauki wayar tebur ta kira Murjanatu. Muryar tsohuwa ta amsa, mahaifiyar Murjanatu ce.

"Iya, barka da rana, Rabi ce daga ofis. Ya mai jego, ya jaririya?"

"Lafiya lau. In maganar aiki ce, 'yar nan, sai an yi arba'in. Yanzu ta fito daga wanka, jikinta ɗanye ne. Na ƙwace wayar ma."

"Iya, don girman Allah, minti ɗaya."

"Ko rabi. Ku ba ku da tausayi? Kun sa ta zaman kujera har watan haihuwarta."

Ta ɗaya wayar Rabi na jiyo Alhaji Sha'aban yana faɗa, yana cewa a nemo wuƙa kafin saniyar ta mutu mushe.

"Iya, shanu sittin ne a kan mota cikin ranar nan. Ɗaya ta riga ta faɗi."

Tsohuwar ta ce, "Yaushe rabonsu da ruwa?"

"Tun asuba."

"Kai, mutanen nan ba sa tsoron Allah!" Aka ji takun silifa, aka ɗaga labule. "Ke, tashi, ajiye kunun nan."

Murjanatu ta saurara, sannan ta ce a raunane, "Rabi, ni fa ban san ta da baki ba. Yatsuna ne suka haddace. Shekara biyu ban taɓa furta ta ba."

"To tambayi yatsun, 'yar uwa. Dama ɗaya ta rage."

"Iya, miƙo mini faifan can."

Rabi ta kasa kunne. Tana jin ƙas-ƙas ɗin farce a kan faifai, an tsaya, an sake farawa. Jaririya ta fashe da kuka. Iya na cewa, "Yau ga ikon Allah, ana buga tafireta a murfin ƙwarya."

Murjanatu ta fara faɗin haruffan ɗaya bayan ɗaya, Rabi na maimaita wa Zakiyyu. A na ƙarshe ta tsaya.

"Bakwai ne ko takwas?"

"Murja!"

"Tsaya... ɗan yatsan tsakiya ne ke miƙewa. Takwas."

"Takwas, Zakiyyu. Yi bismillah."

Rabi ta runtse ido, gumi na gangarowa ta ƙarƙashin ɗankwalinta.

"Ta buɗe! Ga su nan, uku, duk an riƙe su!"

"Sake su, maza!"

Ƙarar firinta ta cika wayar. Can sai muryar Alhaji Sha'aban ta shigo, a dishe.

"Malama, mun yanka ɗayar. Hamsin da tara suna tsaye." Ya juya ya daka wa direba tsawa, "Usman, tada mota, rijiyar farko ka tsaya!"